Ɓawon Lemun Goggo Tasalla

A Yalwa, can bayan injin gurzar auduga,
inda ƙurar kaɗa ke kwana a maƙogwaro,
nan Goggo Tasalla ke matse lemun tsami,
ta ƙulla a leda, ta jera bisa ƙanƙara,
ta sayar wa 'yan babur na birnin Garwa.

Ruwan na kasuwa ne, ɓawon nata.
Kafin ta matse sai ta wanke da gishiri,
ta ɗauko 'yar wuƙar da wāshi ya cinye,
ta fere shi siriri kamar zaren lilo.
Ta ce, "Wanda ya sha ruwa ya yar da ɓawo
ya ci rabin arziki, rabi ya yi zubarwa."

"Koren kake so, yaro, bar farin nan.
Farin ɗaci gare shi kamar bashin maƙwabci."
A faifai take baza shi, ba a rana ba,
ƙarƙashin rumfa, inda iska ke ratsawa,
kwana uku, har ya nannaɗe kamar kunnen ɓera,
ɗakin duk ya ɗauka, har tufafinta na sawa.

Na zo mata ranar wata Laraba
da tari irin na masu aikin inji.
Ta ɗora tukunya, ba ta ce mini komai ba.
Da ruwa ya tafasa ta sauke shi ƙasa,
ta zuba ɓawo cikin tafi guda,
citta kamar kan yatsa, ta rufe da murfi,
ta ja carbi zagaye biyu tana jira.
Zuma cokali ɗaya, sai da ya huce.
Ta ce, "Wuta ba ta san mutuncin ƙamshi ba,
kada ka bar shi kanta yana ta tafarfasawa."

Na kurɓa. Wuyana ya saki kaɗan.
Na ce, "Goggo, ai kin fi likita!"
Ta harare ni ta saman tabarau.
"Kul! Kada ka ɗora wa jaki kayan raƙumi.
Yana lallashin wuya, yana kwantar da ciki
in ka cika shi da soyayyen kifin Binuwai,
yana sa mai ƙyuyar shan ruwa ya sha.
Iyakarsa ke nan.
Tarin da ya kwana ashirin a ƙirji,
gobe da sassafe asibiti za shi.
Ni ɗumi nake bayarwa, ba warkewa."

Na je. Suka ba ni ƙwayoyi farare,
suka ce in riƙa rufe hanci a bakin aiki.
Na warke. Amma ƙafata ta riga ta saba,
kullum la'asar tana bin hanyar Yalwa,
ba ta neman izinin kowa.

Yanzu shekara tara.
Ledojin sun koma hannun jikarta Gambo,
wuƙar tana nan, ta ƙara sirancewa,
amma hannun da ya san ta
ba ya riƙe ko allura don karkarwa.

Jiya ni na fere.
Na yi kauri, na haɗa har da farin,
na manta tukunya a wuta ina duban waya.
Na miƙa mata kofi ina sunkuyar da kai.
Ta kurɓa, ta yamutsa fuska,
ta ce, "Shekara tara kana kallo,
ashe bakinka kaɗai ke zuwa makaranta."

Na ce, "Kawo in sake."
Ta janye kofin zuwa ƙirjinta,
yatsu goma suna ɗumi a jikinsa,
tururi na hawa kan tabarau.
Ta ce, "Bar shi. Lemu ai ba a banza yake ba."
Jirgin yamma ya wuce ta saman rumfa,
tana zagina a hankali, tana shanyewa.